Mazarin da Ke Ƙarƙashin Randa

Babana Valdemiro mai fasa dutse ne
a ramin Nova Olinda, gindin tsaunin Araripe.
Bai iya karatu ba, amma kullum shafi yake buɗewa:
ya kafa ƙarfe a gefen falale, ya buga sau uku,
dutse ya rabu biyu kamar littafi.

Yawanci ba komai a ciki. A jera a mota,
a kai birni a shimfiɗa wa masu hali daɓe.
Wani sa'in kifi, ɗan mitsitsi, bai kai yatsa ba,
ƙayoyinsa cif, ko ɗaya ba ta ɓata ba,
baki a buɗe, kamar zai yi magana
laka ta riga shi.

Kifi a kan tsauni, alhali teku na can nesa!
Kakata Zuleide ta ce ragowar ruwan ɗufana ne.
Malama Iracema ta gidan tarihi ta ce a'a,
tafki ne mai gishiri, shekara miliyan ɗari da ɗoriya,
zamanin da ƙasarmu da Afirka ke raba gari,
teku na kutsowa tsakaninsu ba sallama,
dainoso na taka gaɓa, ƙasa na amsawa,
ƙadangaru masu fiffike na yi wa ruwa inuwa.
Kaka ta gyara zama, ta ce, to, ai duk ruwa ne.

Wata Talata, ina 'yar shekara tara,
na kai masa wake da garin rogo a kwano,
na tarar ya ajiye guduma, ya durƙusa.
Mazari ne. Fukafukai huɗu a shimfiɗe,
jijiyoyinsu sirara kamar saƙar gizo-gizo,
ya sauka shan ruwa, ko iska ta kayar da shi,
bai sake tashi ba.
Baba ya hure ƙurar a hankali
kamar mai hura wa jariri ido.

Kafin magariba labari ya kai kunnen Anacleto,
mai farar mota, mai kai duwatsu ƙetare a ɓoye.
Ya taya kuɗin aikin wata uku.
Muna da bashi a kanti, rufinmu na yoyo,
uwata ta kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa.
Ya ce, ba na sayar da abin da bai gama tafiyarsa ba.
Kwana biyar ba ta yi masa magana ba.

Ya daɓe shi a kicin, a kusurwa,
ya ɗora randar ruwa a kai.
Ya ce, tun da ruwa ya zo nema, ga shi nan.

Ƙurar dutse ba ta yafiya.
Ta shiga ƙirjinsa loma-loma, shekara talatin,
har numfashinsa ya koma ƙarar zarto.
Likita ya ɗaga hoton huhunsa a gaban fitila:
fari-fari, haƙarƙari a jere,
na ce a raina, na san wannan shafin.

Mun binne shi da damina, ƙasa ta yi laushi.
Falalen kabarinsa daga raminsa aka yanko,
akwai ɗan kifi a gefen hagu, ba mu goge ba.

Jiya Malama Iracema ta sake aiko da takarda,
akwai gilashi da fitila da suna da ke jiran mazarin.
Wataƙila in kai. Yara su gani, ya fi.
Amma yau da asuba na ɗaga randar in wanke,
danshi ya sa fukafukan sun yi duhu, suna sheƙi,
na tsaya riƙe da ita, hannuwana na rawa,
ban ajiye ba,
ina ba shi hanya.